Buzun Doguwa da Ƙirjin Safiya

Dumega, farkon bazara

Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a barikin soja na Yamai. Inna, mahaifiyarka, tana gaishe ka. Mu dai da sauƙi, sai ɗiyarmu Safiya. Fuka ta sa ta gaba: atishawa ba iyaka, idanu jawur, ƙirji na kuka kamar 'yar kyanwa.

Na goya ta har Dogon Dutsi. Likita ya ce abin da take shaƙa a ɗaki ne, in fitar da duk mai gashi. Na kori tattabarunka bayan gida, kada ka yi fushi, sun fi ka ƙiba. Ina yayyafa ruwa kafin shara, ina shanya tabarmi a rana, na mai da sussuka bakin rumbu. Saura abu guda: buzun baƙar akuyar nan da ke rataye bisa shimfiɗarta, na doguwa, aljanar gidanku. Inna ta ce tun kakanka ba hannun da ya taɓa sauke shi.

Taka, Altine

Dumega, tsakiyar bazara

Maigida,

Ina gaisuwa, ya jiki, ya aikin Nasara? Na sauke buzun. Inna ta tafi suna, na naɗe shi na kai tsohon rumbu. Wallahi Safiya ta yi barci har da minshari, jiya ma ta bi awaki da gudu. Na yi kukan daɗi.

Amma Inna ba ta yi faɗa ba, shi ke ba ni tsoro. Ta dubi maratayin da babu komai, ta dube ni, ta daina cin tuwona. Ta aika a kira Buba baduku.

Taka, Altine

Dumega, hadari ya fara haɗuwa

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ga amsarka ba. Inna ta gano buzun a rumbu, baduku ya yanko shi ya ɗinka laya, gashi a waje, Inna ta rataya wa Safiya a wuya don doguwa ta huce. Ta kuma mai da yarinyar ɗakinta, bisa sauran buzun take kwantar da ita. Kukan ƙirjin ya dawo, ta zana nake jin sa. Yau da safe leɓunanta sun yi duhu. Inna ta ce alamar fushin doguwa ce, gashin ne bai isa ba, za a ɗinka ta biyu. Wayyo, ita ma son jikarta take yi, na sani!

Ta rantse duk wanda ya tsinke layar ya bar gidan nan. Na wasa askarka. Ranar kasuwar Kore Mairuwa Inna za ta fita, amsarka kuwa ba za ta riga ranar zuwa ba. In ka dawo ba ka tarar da mu ba, ka neme mu gidan kawuna Sambo.

Ka yafe mini, ka gaida abokan aikinka.

Taka har yanzu, Altine