Masakin da Na Ce Aikin Inji Ne

Anka, Jihar Sakkwato,
9 ga Afrilu, 1984.

Zuwa ga Yaya Sambo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Bilkisu da 'yarmu Hasana. Allah Ya ba ka sa'ar karatun da ya kai ka Amirka, Ya maido mana ku lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai zafi da ƙarancin ruwa, rijiyar makarantarmu ma ta ja baya sosai. Ranar Asabar na je gida Gwashi. Inna ta samu sauƙin gwiwar, har tana zuwa gidan suna da ƙafarta. Baba yana nan da aikinsa na zanen ƙwarya, ko da yake idon hagu ya ƙara rauni. Ƙanwarmu Hamsatu ta samu aikin koyarwa a Bukkuyum, tana zuwa gida duk ƙarshen mako. Jar saniyarka ta haihu, mace, amma bana dabbobi sun rame, kowa jiran ruwan sama yake.

Yaya, akwai maganar da na rufe maka kusan wata bakwai, yau kuma dole in buɗe ta. Injin zane da wuta da ka aiko mini bara bayan babbar Sallah ba ya aiki. Bai taɓa zana ko layi ɗaya ba. Ni na ƙona shi da hannuna tun makon da ya iso, duk abin da na rubuto maka game da shi kuma ƙarya ce.

Ba zan ce ban gane gargaɗinka ba. Sau biyu ka rubuta, ka ja layi a ƙasa, cewa kada in jona shi da wuta sai abokinka Malam Isa ya dawo da taransifoma, domin ƙarfin wutarku ɗari da goma ne, tamu kuwa ɗari biyu da arba'in. Na karanta, na fahimta. Amma da na karɓi kayan sai na wuce da su Gwashi, na buɗe a zaure gaban Baba da masu zuwa karɓar ƙore. Na jera akwatin wutar da alƙalumansa biyu na zane a kan tabarma, bakina ya yi ta zuba. Na ce zamanin hura garwashi da shan hayaƙi a ido ya wuce, na ce abin da Baba ke yi da ƙarafansa a mako guda zan gama shi tsakanin azahar da la'asar. Baba ya ɗauki alƙalami ɗaya ya jujjuya, ya ce ba shi da nauyi, ya ajiye. Mutane suka ce za su zo Anka ranar kasuwa su gani da idonsu. Daga nan jiran Malam Isa har wata shida ya fi ƙarfina.

Na kai shi shagon Bala mai gyaran rediyo, don layinsu na samun wuta idan an tayar da injin wutar gari. Fulogin ya ƙi shiga soket, ka san ƙafafunsa biyu ne masu faɗi. Bala ya juya akwatin, ya karanta lambar da ke bayansa, ya ce ba a shagonsa ba. Ya ce fulogin nan da ya ƙi shiga taimako yake mini. Ni kuwa na ce masa ni malamin makaranta ne, shi ko firamare bai gama ba, ba zai koya mini karanta lamba ba. Har yau idan na tuna wannan magana sai in ji kamar in nutse. Ya fita sallar la'asar. Yana fita na ɗauki fulayarsa na datse fulogin, na feƙe wayoyin, na cusa su cikin soket na danne da tsinken ashana. Tsinin alƙalamin ya yi jawur nan take, har na fara murna. Sai akwatin ya ɗauki ƙugi, wari ya tashi, hayaƙi ya biyo ta ramukan gefe. Kafin in fizge wayar komai ya ƙare. Da Bala ya dawo, warin ya ba shi labari tun daga ƙofa. Ya kwance akwatin, ya nuna mini naɗin wayar da ke ciki ya narke ya cure wuri ɗaya. Ranar kasuwa na ce wa mutanen Gwashi babu wuta.

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Na ji labarin wani kafinta a Gummi, Hammadu, mai rubuta sunaye a kan katako da ƙarfen lantarki. Na hau mota da alƙaluman biyu a aljihu, a tunanina alƙalami ai alƙalami ne, duk inda aka sa shi zai yi. Hammadu mutumin kirki ne, ya ajiye aikinsa ya zauna da ni. Nasa irin ƙarfen nan ne da masu gyaran rediyo ke narkar da dalma da shi, kai tsaye ake jona shi da bango, kansa na tagulla ne, murɗa shi ake a cire a sa wani. Naka kuwa tsininsu siririyar waya ce, 'yar wuta kaɗan suke sha, akwatin ne ke rage musu ita. Ya ce babu inda nasa da naka suka haɗu, kuma ko akwati ne, ba kowane akwati zai karɓe su ba, sai wanda bakinsa da ƙarfinsa suka dace. Ya roƙe ni in adana su kada in gwada ko'ina. A hanyar dawowa sai zuciyata ta ce mini ai batirin mota ma 'yar wuta kaɗan ce. Na sami na wani direba a tasha na jona alƙalami ɗaya. Tsinin ya yi fari fat ya tsinke, mariƙin ya ƙona mini babban yatsa. Daga baya Bala ya gaya mini batirin mota sha biyu ne, alƙalamin kuwa a ganinsa bai wuce biyu zuwa uku yake so ba. Saura ɗaya ke nan, yana cikin akwatin kayana naɗe da tsumma.

A gida na ce inji yana jiran taransifoma. Kai kuma na rubuto maka cewa Bala ya samo mini wata a Gusau, aiki yana tafiya. Da ka amso cewa in zana masaki ɗaya da injin, za ka ba malaminka da ya raka ka sayensa, sai na rasa mafita. Na je wa Baba na ce Sambo yana son masaki na kyauta ga babban mutum. Ban gaya masa sauran ba. Ya zaɓi mafi kyau cikin waɗanda ya ajiye, ya yi kwana tara a kansa. Inna ta ce tana hana shi saboda idon, yana cewa na Sambo ne, ba za a kai abin kunya ƙasar mutane ba. Shi ne na ba ɗan ajinku da ya zo hutu ya kai maka, na haɗa da takarda na ce aikin inji ne.

Makon jiya Malam Isa ya iso. Ya sauke taransifomar da ka aiko duk da na ce an samu wata, a makarantarmu, ya nuna mini tafin hannunsa inda igiyar ta kwanta, ya ce bai yarda an sa ta cikin kaya ba, a hannu ya riƙo ta tun daga Kano. Na yi godiya, na kasa kallon idonsa. Takardarka ta gida kuwa ya aika da ita Gwashi kai tsaye. Ranar Asabar da na shiga gida da hantsi, na tarar Hamsatu ta riga ta buɗe tana karanta wa Baba da Inna a tsakar gida. Na zauna. Ta zo wurin da ka ce malaminka ya rataye masakin a ofishinsa, kowa na tsayawa kallo. Ta zo wurin da ka ce ba ka taɓa ganin layi mai tsabta haka ba, lalle inji ya fi hannu, a gaya wa Baba ya huta haka nan, ƙarafansa sun yi nasu zamanin. Hamsatu ta rage murya, don ita ta ga Baba yana wannan aiki, amma ta riga ta karanta. Inna ta dube ni. Baba bai dube ni ba. Ya ce ashe injin nan ya iya aiki, ya jawo butarsa ya fita.

Na bi shi zaure na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga shagon Bala. Ya saurara har na gama. Na zaci zai yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce inji ƙarfe ne, ya lalace ya lalace, maganar da na yi gaban mutane kuma ya yafe tun ranar. Ya ce abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: Sambo ya zauna gefensa shekara goma sha biyu yana miƙa masa ƙarafa, amma ya riƙe masakin nan a hannunsa bai gane hannun ubansa ba. Na ce laifina ne, ni na rufe maka ido da ƙaryata. Ya ce ya sani, amma duk da haka.

Yaya, wannan ita ce ɓarnar da ta fi ƙona inji, kuma ni na jawo maka ita, kai ba ka san komai ba. Ka yafe mini. Na je na ba Bala haƙuri, ya karɓa, har ya ce yana iya gwada sake naɗa wayar akwatin idan ya san daidai ƙarfin wutar da ke fita zuwa alƙalami. Idan takardar injin na wurinka, ka duba mana lambar. Kada ka aiko da wani, ban cancanta ba. In ya gyaru ya gyaru, in bai gyaru ba na riga na roƙi Baba ya bar ni in riƙa zama gefensa ranar Asabar, ya ce in zo da wuri kafin rana ta yi zafi.

Abu biyu nake roƙonka. Ka gaya wa malaminka gaskiya, cewa masakin da ke ofishinsa aikin wani tsoho ne a Gwashi, da garwashi da ƙarfe da ido ɗaya da rabi. Sa'annan ka rubuto wa Baba takarda tasa shi kaɗai. Ka rubuta ta da ajami, yadda zai karanta da kansa, ba sai ni ko Hamsatu mun shiga tsakaninku ba.

Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Hasana. Hamsatu tana gaida Yaya Bilkisu, ta ce tana jiran hoton da aka yi mata alkawari. Kawu Modibbo da Gwaggo Uwani suna gaisuwa. Da zan taho na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce in ce maka yana sa maka albarka. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai neman gafararka,
Dabo.