Sunan Dije

Madarumfa, 12 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da zafin Yamai. Ni dai gwiwa ce ta ƙi, sauran da sauƙi.

Ran Lahadi a coci Fada ya karanta mana wasiƙar Paparoma. Wai tsarkaka ba sai na cikin hoto ba, akwai su a maƙwabta, masu daka da jinya da reno. Ya ce kowa ya kawo sunan mamaci irin wannan, a karanta ranar Dukan Tsarkaka. Mata har da guɗa.

Ni na kai sunan Dije, maƙwabciyarmu. Kin sani shekara bakwai uwarki Ladi na kwance, rabin jiki a mace. Kullum Dije na idar da sallar asuba ta shigo ta juya ta, ta wanke ta, ta ba ta kunu a baki. 'Yan cocinmu sau biyu suka zo, na ƙirga.

Kwamitin coci ya soke sunan, wai ba ta da baftisma. Waɗanda suka soke, na san ranar da aka haifi kowannensu. Na gaya masu ko an rubuta ko ba a rubuta ba, zan miƙe in faɗe shi da bakina. Kin san ni.

Ki gaida kowa.
Babanki, Ilyasu

Madarumfa, 3 ga Nuwamba

Saratu,

Bayan gaisuwa da fatan tarin ƙaramin ya lafa. Na gode da maganin gwiwa.

Fada ya zo har gida. Ya ce shi a ganinsa ina da gaskiya, wasiƙar ma ba ta ware kowa ba, zai karanta sunan da kansa. Don murna na ɗauki sanda na tafi lambu bakin tabki in gaya wa Lawali, ɗan Dije.

Saratu, mutumin nan ya ajiye abin ban ruwa ya durƙusa gabana. Ya roƙe ni don Allah kada sunan uwarsa ya fito a coci. Tun tana raye ake yi mata gorin shiga gidanmu. In aka ji, za a ce ashe ba a kan Musulunci ta cika ba, kuma yana da 'yan mata uku da ba su yi aure ba. Da kwamiti na iya faɗa. Da ɗanta fa?

Na koma na ce wa Fada ya bari.

Ranar idin aka karanta suna goma sha huɗu. Akwai wanda na san ya kori uwarsa daga gida. Jama'a na ta waigowa suna jiran tsoho ya tashi ya yi abin da ya saba. Ban tashi ba. 'Yan kwamiti suka yi mini barka da samun hankali.

Garin nan kowa na alfahari da waliyyai casa'in da tara da ke kwance gefen tabki. Wadda na gani da idona kuwa, ba inda zan faɗi sunanta.

Kada ki karanta wa kowa wannan. Ki dai riƙe.

Allah ya yi maki albarka.
Babanki, Ilyasu