Golan da Ban Iya Kiran Sunansa Ba

Tambuwal, Lardin Sakkwato, Jihar Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Gaisuwa mai tarin yawa zuwa gare ka, tare da tambayar lafiyarka da ta waɗanda kake zaune da su, in Allah ya ba ka na zama. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi albarka, gero ya cika rumbu, keken ɗinkina ya tsufa amma har yanzu bai kamo ni ba.

Kada ka yi mamakin ganin wannan takarda a jarida. Ba ni da adireshinka, shi ya sa na aiko ta inda kowa zai gani, ko Allah zai sa ta faɗo hannunka. Ka yi haƙuri da rubutuna, kai da duk mai leƙowa. Aji uku na yi a elemantare, malamai suka ga kaina ya cika, suka sallame ni don in bar wa wasu wuri.

Ba za ka ga sunanka a ciki ba. Kai ne ɗan fari, kuma ka san yadda abin yake a wurinmu: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya zama su yi hira. Shekara goma sha bakwai muna gida guda, in ina son ka sai in ce a kira mini yaron nan. To, in ka ji labarin tela da usur da ci tara, ka san da kai nika.

Bari in faɗa maka inda ilmina na ƙwallo ya fito, don ban taɓa faɗa wa kowa gaskiyarsa ba. Shekarar da aka samu mulkin kai na je Sakkwato sayen allurai da zare. Na iske sojoji suna wasa da 'yan kwaleji, na hau katanga na kalla. Fili a shimfiɗe kamar tabarma, kowa da takalminsa. Ƙwallo ba ta wuce gwiwa, wannan ya ba wannan, wancan ya ba wancan, har ta shige. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Kuma a makare na isa, rabin wasan kawai na gani. Wannan rabin shi ne duk makarantar da na yi. Da na dawo na ce wa mutane mako guda na yi ina nazari.

Ka tuna yadda na zama malaminku. Ni na ɗinka muku riguna goma sha ɗaya, na kai marina aka rina su baƙi, na kuma sayo usur. Mutumin da ke da riguna da usur, wa zai tambaye shi takardar shaida?

Na kafa muku doka. Ƙwallo ba ta tashi sama. Gola ba ya bugawa, sai dai ya gangara ta da hannu ga na kusa da shi, daga nan a bi da ita ƙafa zuwa ƙafa har gidan abokan wasa. Kullum ina faɗa muku, "Ƙwallo ɗinki ce, ba a tsallake wuri." Ina jin daɗin maganar nan ƙwarai. In na faɗe ta sai in duba fuskoki in ga wa ya gane zurfinta.

Abin da na manta shi ne ƙasar da nika tsaye a kai. Filinmu na bayan kasuwar shanu rairayi ne da ƙarangiya da sawun kofato. Ku kuma ƙafa tsirara. In ka gangara ƙwallo sai ta yi taku uku ta zauna, kamar tsohuwar da ta dawo daga rafi.

'Yan garin Sanyinna suka ci mu biyar. Na ce zaren bai gama zama ba.

Muka hau motar gyaɗa zuwa Kebbe, sau biyu muna sauka muna turawa. Filinsu gona ce da aka girbe, da guntayen kara a tsaye. Mutanen Kebbe ba su da tsari ko ɗaya, sai ƙarfin ƙafa da tsawon numfashi, manoma ne da masu bin shanu. Amma suna da ido. Kafin a yi nisa sun gane ba ka bugawa, sai suka daina wahalar da kansu, suka zo suka tsaya gabanka suna jiran ka gangaro musu. Bakwai suka zuba mana.

Mu ma mun ci ɗaya ranar. Daga hannunka ta fara, ta bi ƙafa tara ba wanda ya taɓa ta, ta shige tsakanin azarorin golansu. Wata guda ina ba da labarin cin nan a shago. Baƙo in ya zo auna riga, sai ya tafi da zaton mu muka yi nasara. Kuma tunda gaskiya na zauna faɗi, har yau in na tuna shi raina yana yin fari. Ka ga irin uban da Allah ya ba ka.

Sauran yaran goma ina kiransu da suna, in yi musu tsawa, in yi musu ba'a, su rama. In na juya baya sukan ɗaga ƙwallo sama su ce ƙafa ce ta zame. Kai kaɗai ba ka taɓa yi ba. Su malamin ƙwallo ne ya ba su doka, kai ubanka ne. In ina son in yi maka magana a fili, sai in ce wa na gabanka, "Ka gaya wa na bayanka ya gangaro ta." Kana ji da kunnenka, ka jira a maimaita maka, sannan ka gangaro.

Ranar da Kebbe suka zo mana ramuwa, bayan la'asar, ban san Tambuwal na da mutane haka ba. Har masu fura sun bar kasuwa. Kafin hutun rabin lokaci an ci mu fuɗu, dukansu iri guda: ka gangara, ƙwallo ta zauna a rairayi, ɗan Kebbe ya riga namu.

Sai ga baffanka Ummaru, ƙanena, ya zo ya raɓe ni. Kai ka aiko shi, tunda ba ka da hanyar zuwa da kanka. Ya ce, "Yaya, yaron ya ce don Allah a bar shi shi buga sama, ko sau biyu, su ja baya."

Na san gaskiyarka ce. Wallahi a take na sani. Da ɗan wani ne ya faɗa, da na yi tsaki, in ɗan jima, in ce dama abin da nika shirin yi ke nan. Amma mutane na kewaye da mu, sun ji wanda ya aiko. Na ce a raina, gobe za a ce Mamman Tela ya zubar da kunya, ɗan fari ke juya shi a gaban gari. Na daɗe ina ɓuya a bayan wannan dalili. Yanzu da na tsufa kaɗan na duba da kyau, na ga kunyar ba ta kai rabin abin ba. Sauran girman kai ne. Ban so a ce katangar Sakkwato ba ta koya mini kome ba.

Na ɗaga murya yadda za ka ji daga inda kake zaune, na ce, "A gaya wa mai aike, wanda bai iya ɗinki ba shi ka zargin allura."

Ka tashi ka koma tsakanin azarori. Ka gangara, ka gangara, ka gangara. Tara aka tashi.

Da a nan abin ya tsaya, da ka yafe mini tuni, na san halinka.

Muka taru gindin durumin ƙofar shagona kamar yadda aka saba, aka fara yi mini ba'a. Wani ya ce in koma Sakkwato in ƙaro mako guda. Wani ya ce ko da fitila aka ɗinka tsarin. Ni kuwa ka san ni, duk garin nan ba wanda ya taɓa cin nasarar ba'a a kaina. Na ji dariya tana taruwa a kaina, na nemi inda zan juya ta. Sai na ce, "Tsari ba shi da laifi. Rariya muka aje a ƙofar gida. Da kwando na kafa a wurin, da ya tare ko biyu."

Wurin ya fashe. Har da masu riƙe ciki. Na ji daɗi, kada in ɓoye maka, na ji daɗi na kamar numfashi uku. Sannan na ga idon Ummaru ba a kaina yake ba, a bayana yake. Kana tsaye da rigunan wasa a kafaɗa, ka kawo mini su shago. Yatsunka biyu sun kumbura, gwiwarka duk ƙarangiya. Ka durƙusa, ka ajiye rigunan a kan benci, ka ninke ta sama da ta zame, ka wuce.

Na shiga gida na iske mahaifiyarka tana gasa maka hannu da ruwan zafi, ta juya kai gefe don kada a ce tana kallon ɗan fari. Bayan ka fita ta ce mini, "Malam, yau dai ka yi dariya ka ƙoshi." Ba ta ƙara ba, har yau.

Sunan ya bi ka. Ni da ban taɓa kiranka da na yanka ba, ni na raɗa maka wanda gari ya riƙe. A masallaci, a rijiya, a kasuwa, Rariya. Ina ji daga kan keke, in ƙara taka shi da ƙarfi don ƙararsa ta rufe. Da kalma ɗaya zan iya tsayar da abin. Na ce ba a kare ɗan fari a gaban mutane.

Da aka gama girbi ka ce wa Ummaru za ka cin rani. Rani uku ke nan.

Kana tsammani tafiyarka ta sa na yi hankali? Na sa wani a gola, na ce ya gangara. Sanyinna suka ci mu goma sha ɗaya, har alƙalin wasa ya tashe mu da wuri don tausayi. Ranar kowa ya ga inda ramin yake, ban da mai ramin. Daga ƙarshe yaran suka zo da ladabi, suka ce girmana ya wuce tsayuwa a rana, sun naɗa ni uban ƙungiya. Aikin uban ƙungiya shi ne ɗinke riga in ta yage. Usur kuma suka ce a ba su aro. Wasansu na farko ba ni, suka yi ta narka ƙwallo sama kamar masu korar tsuntsu a gona, suka tashi biyu da biyu da Kebbe. Aka yi kiɗa.

Kwanan baya wani direba da ke zuwa Kaduna ya kawo mini wando gyara. Ya ce ya ga mai kama da kai a filin wata masaƙa, a gola, in ya buga ƙwallo sai ta wuce tsakiyar fili. Ya ce mutane na kiran sunanka, na gaskiyar, suna tafi. Na sunkuya ina neman allurar da ba ta faɗi ba, har ya gaji ya tafi.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko, na tsaya gindin durumin nan, mutanen ranar kusan duk suna nan. Na ce ku saurara, ci taran nan nawa ne, yaron nan ba shi da laifi ko ɗaya, shi ya faɗi gaskiya na ƙi. Sai suka zuba mini ido suna jiran ƙarshen maganar, inda abin dariyar yake. Da suka ga na tsaya, sai suka yi dariyar duk da haka, wai ko fuskar da na yi ta isa. Wani ya ce, "Tela, ba ka da dama!" Shekara arba'in ina koya musu kada su ɗauke ni da gaske, sun kuwa koya. Almajiran da tsarina ya kama su ke nan.

Shi ya sa na koma ga takarda. Ita ba ta da fuska. In malamin makaranta ya karanta musu ita a ƙofar shago, da muryarsa za su ji, ba da tawa ba.

To ga shi a rubuce. Kai ba rariya ba ne. Ban taɓa ganin gola kamarka ba, ko a Sakkwato, ko da yake ka san iyakar abin da na gani a can. Ka tare abin da ya fi tara ranar, ina ƙirgawa a zuci, bakina ne ya ƙi. Biyayyarka na ɗauka na yi maka bulala da ita. Ka yafe mini don Allah.

Kowace ƙaramar Sallah ina ɗinka maka riga. Uku ke nan a akwati. Ban taɓa sa maka awo da hannuna ba, Ummaru ke aunawa ya faɗa mini, don haka yanzu da kintace nika yankawa, ina ƙara ɗan yatsa biyu a kafaɗa kowace shekara. Mahaifiyarka takan fito da su ta shanya wai don asu, ta daɗe tana kakkaɓe abin da babu. Watakila duk sun yi maka kaɗan. Ka zo a gwada. In ka zo ba zan aiki kowa ba, ni zan tashi in auna ka, a ƙofar shago, duk mai kallo ya kalla. In zuwan ya yi maka nauyi yanzu, ka aiko wa baffanka ko layi biyu, mu san kana raye.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya kare hannuwanka, ya haɗa ka da shugabanni masu jin magana. Allah ya sa kada ka gaji bakina. Allah ya sanyaya zuciyarka a kaina tun ina sama da ƙasa. Shi kam kullum ina faɗa masa sunanka, sau biyar a yini, ba na jin kunyarsa.

Wassalam.

Ni ne ubanka,
Mamman Tela.