Sunanki a Jikin Ginshiƙi na Uku

Zuwa ga Seng Hom, ruwan farkon daminata, furen lemon gonata, ke da kika fi sabuwar shinkafa ƙamshi ko da kina fushi.

Yau kwana goma sha ɗaya da aka sauke ki daga mota a shingen hanyar Fang, kina kan hanyar asibitin ido ba takardar izinin zama. Kwana goma sha ɗaya ina dafa shinkafa, ko ta fito tsakuwa ko ta fito kunu. Kajinki ma in na kira sai su dube ni su ci gaba da tono. Wane irin gida ne wannan da ba mai ce mini gishiri ya yi yawa?

An ce, da jami'in ya tambaye ki ina ne gidanku, sai kika miƙe wuya kika ce Kengtung, can tsallaken iyaka. Haba uwar Kaeo! Na san ku 'yan ƙabilar Shan, inda aka binne cibiya nan ne gida. Amma shekara arba'in da biyu kina shan ruwan ƙauyenmu Huai Som! Shi kuwa abin da ya ji ya rubuta, ya sa ki cikin waɗanda za a mayar ƙasar Bama.

Lauya Wilaiwan, ta ofishin da ke taimakon baƙi kyauta, ta zo har gida. Ta nemi takardar aure, na ce zare dattawa suka ɗaura mana a hannu, kuma ya tsinke tun ba a haife ta ba. Ta nemi hotuna, na ce ambaliya ta tafi da su. Ta ce, "Kawu, ko rubutu ɗaya babu da zai nuna ta daɗe a nan?"

Kin tuna shekarar da ake sake ginin haikali, kika dage sai mun ba da babban icen nan na bayan gida a yi ginshiƙi? Da shi na so in sassaƙa mana gadon kwana. Mako guda ban yi miki magana ba, ke kuma ko a jikinki, kina ta waƙa kina tankaɗe.

Can haikalin na kai lauyar. Ginshiƙi na uku daga hagu: sunanki, sunana, da shekarar 2527 ta lissafinmu, wato shekara arba'in da suka wuce, a sassaƙe kamar yadda ake yi wa duk wanda ya ba da sadaka. Ta ɗauki hoto, shugaban haikali ya sa hannu, tsofaffi biyu za su yi shaida. Ba ta yi alkawari ba, amma ta ce akwai hanya, har ta izinin zama.

Ranar Alhamis za a sake tambayarki. Don girman zaren nan, hasken idona, ki ce Huai Som. Kengtung ki bar shi a zuciya, ba mai ƙwace miki shi.

In kuma duk da haka suka mayar da ke, zan ɗauki tukunyarki in tsallaka gadar Mae Sai ta kan iyaka in biyo ki. Sai ni in zama marar takarda, ke ki nemo mini lauya.

Naki har ƙarshen numfashi,
Inta, mai kwana a tabarma shekara arba'in saboda ke, wanda har yanzu yake bar miki rabinta.