Baƙon da Ya Hana Baba Shan Magani

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kina lafiya. Ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Haɗeja muna godiya, sai dai ruwa.

Wani baƙo ya shigo ikilisiyarmu, Ɗan'uwa Ayuba, wai yana da baiwar warkarwa. Ya ɗora wa Baba hannu, ya ce ya warke, ya bar maganin hawan jini. Baba kuwa ya bari.

Ni dai hankalina bai kwanta da shi ba. Ranar da kogi ya cika ruwa ya shiga majami'a, kowa yana kwalfewa, har tsohon Fastonmu da wando a naɗe. Na miƙa wa Ayuba bokiti, sai ya ce, "'Yar'uwa, ba wannan aikin aka kira ni ba." Wanda ya wanke ƙafafun almajiransa ne zai ba mutum baiwar da ta fi ƙarfin sunkuyawa?

Don Allah ki kira Baba, maganarki yake ji. Jiya jiri ya kayar da shi a gonar shinkafa.

Ki sa mu cikin addu'a, ki gaida Inna Saratu.

Ƙanwarki,
Hannatu