Baƙin Batir a Miyar Zumunta

Yaya Rifkatu,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya maigida da yara, yaya zaman bariki? Mu nan Zuru lafiya lau.

Ɗana Bulus ya dawo daga jami'a da aikin ƙazanta. Tsofaffin batura yake fasawa, ya zaro baƙar sandar ciki, ya markaɗa da wani ruwan gishiri mai yauƙi. Wai so yake ya ɓare ta har ta zama falle ɗaya da ido ba ya gani, sunansa girafin. A injin markaɗena, Yaya! Ban sani ba na markaɗa kayan miyar matan zumuntar cocinmu a ciki. Na ce masa, "Ido ba ya gani? Ni na gani a haƙoran matar fasto!"

Ki gaida kowa, ki sa Bulus a addu'a kafin ya kai ga turmina.

Ƙanwarki,
Ladi