Famfon Mai da Gurbin Baba a Asibiti

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Abban yara da yaran gaba ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa zaman da kuke yi a can ya zama alheri gare ku da mu baki ɗaya. Mu ma a nan sai godiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene da kanta don shanya, duk da mun hana ta. 'Yan biyuna sun fara makaranta, kullum sai sun dawo da takalmi ƙafa ɗaya a hannu. Auta ta gama koyon ɗinki, tana ta ɓata mana yadi da sunan gwaji. Baba ne dalilin wannan wasiƙa. Na zaɓi rubutu a kan waya saboda duk sanda kika kira yana kusa, ya karɓe wayar ya ce miki komai lafiya lau, ni kuma ba zan ƙaryata shi a gabansa ba.

Kin san irin wahalar da muka sha kafin a ba shi gurbin wankin ƙoda na safe, sau biyu a mako. Injinan wankin kaɗan ne, masu jira kuwa sun cika benci har baranda. Motar da kika bar mana ita ce ƙafarsa. Idan ya fito daga wankin jikinsa yakan saki gaba ɗaya, sai ya kwanta a kujerar baya Umma ta tallafe masa kai har gida. Watannin baya famfon da ke turo mai daga tanki zuwa inji ya fara kuka, daga nan ya mutu. Wannan ban ga laifinsa ba, shi ne wanda ya zo da motar, tsufa ne ya cim masa. Bakanikenmu, wanda kike kira Mai Sifana, ya cire kujerar baya ya zaro shi, ya ce sai sabo.

Na je layin masu kayan gyaran mota, shagon wani Alhaji da ke kan kwana. Ya jera mini famfo uku a kan kanta, kowanne da sunansa: orijinal, orijinal lamba biyu, da wanda ya kira mai kyau. Na tambaye shi ina jabun, ya yi dariya ya ce duk layin nan ba mai sayar da jabu, sai dai layin baya. Na ɗauki mafi tsada, tunda mara lafiya za ta ɗauka. Ya jona shi a batir, famfo ya yi ƙugi ya feso mai, kowa ya shaida. Da zan tafi ya ce tunda yanzu za a ɗaura, in bar masa kwalin, suna zuba notuna a ciki. Na bar masa.

Bai yi wata biyu ba ya mutu, muna tsakiyar cunkoso Baba yana ciki. Ranar Allah ya taimake mu da tasi, muka isa a makare amma an karɓe shi. Da na mayar wa Alhaji, ya nuna mini rubutu a bango cewa kayan wuta ba a dawowa da su. Ya rantse cewa shi ma a matsayin orijinal ya saya a hannun masu shigo da kaya, kuma bai taɓa ganin cikinsa ba, tunda a liƙe yake zuwa. Yaya, na zauna na auna maganarsa, kuma ina jin rabinta gaskiya ce. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to mu kuɗin tulu muka biya, kuma mai yiwuwa shi ma hakan ce ta same shi.

Sai muka koma gwanjo, wato kayan da ake cirowa daga motocin da suka yi haɗari. Hikimar ita ce abin da kamfani ya ɗaura da hannunsa, ko ya tsufa, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Muka samo ɗaya daga mota irin taki sak. Shi ma ya ɗan yi aiki ya fara shaƙewa idan inji ya ɗauki zafi. Da Mai Sifana ya zaro shi ya duba da kyau, sai ya ga ashe mai waccan motar ma ya riga ya canja nasa tun kafin haɗarin. Tsohon jabu muka saya da darajar na asali. Haka ya mayar da shi cikin motar, tunda ba mu da wani.

A ranar ne maƙwabcin garejin Mai Sifana, mai gyaran wutar mota, ya ba ni labarin kwali. Ya ce akwai masu bin gareji-gareji da shaguna suna sayen kwalayen kayan asali waɗanda ba su yage ba, musamman masu ɗauke da tambarin nan mai ƙyalli. Kwalin na gaskiya ne, lambar da ke jikinsa ta gaskiya ce, abin da ke ciki kuma sai yadda hali ya yi. Wani lokaci sabon jabu ne, wani lokaci tsohon famfo ne da aka wanke da fetur aka goge. Kwali ɗaya yakan zagayo sau da yawa kafin ya mutu. Ya ce ba mamaki kwalin da na bar wa Alhaji yana kan kantar wani yanzu, ba mamaki kuma ni ma na uku ne ko na huɗu da na saye shi. Mai Sifana ya ƙara da cewa da can nauyi suke aunawa a hannu, yanzu masu jabu sun koyi ƙara nauyi. Da can kuskuren rubutu ke tona su, yanzu bugun nasu ya fi na kamfani tsabta. Shi kansa ya ɗaura irinsa a motarsa, ta ajiye shi a hanya ya tako gida da ƙafa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan kasuwa idon ma ya sallama.

Na je wurin wakilan kamfanin motar da kansu. Sun karɓe ni da mutunci, suka ce samfurin ya tsufa, sun daina ajiye kayansa, sai dai a yi oda, kuma ba za su iya cewa ga lokacin da zai iso ba.

Kafin mu gama wannan zirga-zirga famfon gwanjon ya mutu ɗungurungum muna hanyar kai Baba asibiti, a kan gada, inda ba tasi mai tsayawa. Kafin mu isa an ɗora wani a injin wankin. Baba ya rasa wankin ranar. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya har ba ya iya kwanciya sai a jingine, sai da aka yi masa na gaggawa. Babbar nas ɗin sashen ta kira ni gefe ta yi mini magana a hankali. Ta ce ba za su iya barin inji a zaune ba alhali ga mutane a benci, idan muka sake makara gurbin zai koma hannun wani. Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Daga nan muka koma ɗaukar tasi. Wata rana a samu da wuri, wata rana a yi ta tsayuwa a bakin titi, kuma ba kowane direba ke yarda ya ɗauki mutumin da zai iya yin amai a motarsa ba. Ɗaya daga cikinsu da na ba shi labarinmu ya buɗe but ɗin motarsa ya nuna mini famfo biyu a leda, ya ce shi haka yake yawo da su kamar tayar ko-ta-kwana, birkinsa ma daga layin nan yake, addu'a ce ke tsayar da shi. Ana cikin haka Mai Sifana ya samo wani famfon ta hannun wanda ya amince da shi. Na yi ta gwada motar ni kaɗai, a cunkoso da rana tsaka, da hawa da gangara, ba ta ko yi tari ba. Baba ya gaji da tsayuwar titi, ya ce a kai shi a motar 'yarsa. Na auna tasi da motar, ban ga wadda ta fi wata tabbas ba, na bi maganarsa. Ta mutu muna hango katangar asibitin daga nesa, amma nesan da Baba ba zai iya takawa ba.

Gurbin ya tafi, Yaya. An mayar da shi cikin masu jira, waɗanda ake kira idan mai gurbi bai zo ba. Baba ya ce kada in gaya miki, wai za ki ɗauka kyautarki ce ta cuce shi. Yana ta mai da abin raha, yana cewa shi ma ai da kayan canji yake tafiya, injin asibiti ne ƙodarsa lamba biyu, kuma ba wanda ya ba shi garanti. Umma ba ta dariya idan ya faɗa.

Kin taɓa cewa za ki aiko da famfon daga can. Idan za ki yi, ki je shagon kamfanin da ƙafarki, kada ki saya ta intanet, don na ji can ma ba a tsira ba. Amma ki sani ko ya iso gobe ba zai dawo mana da gurbin ba. Yanzu da sassafe muke zuwa mu zauna a benci, ni da shi, wata rana a kira shi, wata rana mu dawo haka nan. Jiya na kama kaina ina kallon ƙofa ina fatan wani ya makara, alhali na san abin da ke makarar da mutum a hanyar nan. Na yi istigfari, amma da aka kira sunan Baba na ji daɗi. Ki taya mu da addu'a, ki kuma kira shi ku yi hira kamar yadda kuka saba.

Ki gaishe mini da Abban yara da kyau, da Mai-sunan-Baba, da Takwarar Umma, da ƙaramin da bai san mu ba sai a hoto. Umma tana sa muku albarka. Gwaggo, Kawu, Auta da maman 'yan biyu duk suna gaishe ku. Allah ya ba Baba lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki ƙani,
Baban 'yan biyu